Gwajin Kwana Uku da Na Mayar Kwana Goma Sha Tara

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran jikana, ɗan 'yata ta biyu, wanda abokan aikinsa ke kira Injiniya, ni kuma nake kira Ɗan Sukudireba. Shekararsa talatin da huɗu. Ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar ofishinsu da jaka a kafaɗa, kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci sun ce jijiya ce ta fashe masa a ka. Ya bar mata da 'ya mai wata biyar, ya bar uwa da uba, ya kuma bar ni, tsohuwar da kowa ya ɗauka ita za a fara sallama a gidan nan.

Ɗan Sukudireba, tun daga ranar mutane ke shigowa yi mini gaisuwa, kowa da irin alherinka da yake tunawa. Ina amsawa, ina cewa amin. Amma akwai abin da na yi maka wanda ban faɗa maka ba har ka tafi. Rubutuna ba na masu ilmi ba ne, ka sani, kai ne kake gyara mini lambobi idan na juya su. Duk da haka zan rubuta da hannuna, domin a gaban iyayenka da matarka nake so in faɗa.

Bari in fara da kai tukuna.

Kana shekara shida ka kwance mini rediyo. Na fito daga wanka na tarar da kai a tsakar ɗaki, ka baje cikinta a kan dardumata, kana neman mutumin da ke karanta labarai. Na ɗaga hannu zan make ka, sai ka ce, “Kaka, ki bari in mayar, na san inda kowa yake zaune.” Ka mayar kuwa. Ƙusa uku suka yi saura, amma rediyon ta yi magana, har ta fi da tsabtar murya. Daga ranar na ce na fasa aurenka, ba na zama da mijin da ke kwance mini kaya. Ka ce kai ma ka fasa, amaryar da ba ta da haƙoran gaba ba ta yi maka ba. A haka muka yi shekara ashirin da takwas muna sakin juna muna mayarwa.

Da ka girma ka zama mai ilmin kwamfuta, ban taɓa jin ka yi wa tsoho dariya don ya yi tambayar wauta ba. Kai ka sa mini hotunan 'ya'yana a waya maimakon sunaye, don in daina kiran mai gyaran famfo ina ce masa auta. Kai ka kafa mini wutar sola don maganina ya daina lalacewa a firij. Maƙwabciyata da ba ta gani sosai, ka zauna da ita wuni guda har wayarta ta koyi karanta mata saƙo da baki. Ranar gaisuwa ta zo tana laluben bango, ta ce tun da ka rasu ta kashe muryar, ba ta iya saurare.

To, ga abin da ya faru.

Wata Juma'a da la'asar ka shigo da kai da direban tasi, kuna nishi, kun tallabo wani dogon akwatin ƙarfe mai faɗi kamar ƙofar kabad. Na ce lefen ne sai yanzu? Ka ce a'a, wannan saba ce, wato uwar kwamfutoci, wadda sauran ke zuwa wurinta su ajiye abu su ɗauka. Ta ƙaramin asibitin da nake zuwa awon jini ce. Wani ofishi ne ya yi sabuwa ya ba su tsohuwar kyauta, kai kuma ka ɗauki nauyin shirya ta ba tare da an biya ka ba, don a daina ɓatar da katin marasa lafiya. Wannan kam na san zafinsa, sau biyu ana ɓatar da nawa, ana sa ni in sake ba da tarihin ciwona tun daga haihuwar uwarka. Ka ce a gidanka ba za ta zaunu ba, tana da ƙara ga jaririya, a ofis kuma babu wuri. Ƙuryar ɗakina ce mai sanyi, kuma wutata ba ta yankewa.

Ka ɗora ta a kan tsohon teburin ɗinkina, ka buɗe murfin, ka hure ƙura da ɗan famfo, ka bi kowace waya da yatsa. Na jawo kujera na zauna, tun da ɗakina ne.

“Yanzu ƙarfe ce kawai, Kaka,” ka ce. “An goge mata komai. Ko sunanta ba ta sani ba.”

Ka ciro ɗan filashi da bai fi yatsana ba ka soka mata, ka ce a ciki babbar manhaja take, wadda za ta koya wa ƙarfen yadda zai tashi, ya gane abin da ke jikinsa, ya ji magana. Allon ya yi baƙi, fararen rubutu suka yi ta gudu sama kamar tururuwa. Sai ta shiga tambaya. Wane harshe? Ƙarfe nawa yanzu? Faifan ajiya gida nawa za a raba su? Na ce wannan ta fi dangin miji bin diddigi. Da aka zo kalmar sirri ka ce in juya baya. Na ce to ka gani, tun ba a je ko'ina ba miji ya fara ɓoye-ɓoye. Kana dariya kana rubutu a ɗan littafinka mai baƙin bango. Haka kake aiki, ko ƙusa ka ɗaure sai ka rubuta rana da lokaci. Na sha ce maka ɗan sanda ya kamata ka zama.

Da babbar manhajar ta zauna, ka loda ta biyu, ka ce wannan ita ce likitar. Za ta sa injin aiki mai tsanani ba hutawa, ta gwada ƙwaƙwalwarsa, ta gwada faifan, ta auna zafin jikinsa, ta ƙirga juyin kowace fanka. Awa saba'in da biyu cur, kwana uku ke nan, ba a kashewa ko na ƙiftawar ido. In an kashe, ƙirgen ya koma farko. Ka ce wasu kwana ɗaya suke yi su ce ya isa, amma kai ba za ka zuba sunayen marasa lafiya a cikin abin da ba ka ga iyakar ƙarfinsa ba, kada ya mutu da rana tsaka mace na naƙuda ana neman katinta.

“Litinin da yamma in zo in ɗauke miki ita, amarya. Abu ɗaya nake roƙo, kada a taɓa wannan fulogin.”

Na ce me zai haɗa ni da fulogi?

Ba ka gaya mini cewa in gwajin ya kankama haka take kuka ba. Kamar an kunna injin niƙa a bayan kunnena. Ran Asabar bayan azahar na kwanta barcin rana, na juya dama, na juya hagu, na toshe kunne da ɗankwali. Daga ƙarshe na tashi na ce ai ko jaki ana sauke masa kaya ya huta. Na zare fulogin. Ɗaki ya yi tsit, na yi barci mai daɗi. Kafin la'asar na mayar, ta tashi da kanta ta ci gaba da kukanta, na ce shi ke nan, ba wanda ya gani.

Ƙarfe biyar ka leƙo. Ka dubi allon, ka ga ƙirgen bai kai awa biyu ba, ka tsaya ka dafe ƙugu. Na yi kamar ina tsintar shinkafa. Ka cire takalmi, ka zauna, ka yi ta danne-danne har magariba. Na dafa maka shayi, ka sha kofi biyu, na ba ka labarin yadda kakanka ya faɗa kwata ranar da ya fara zuwa zance wurina, ka yi dariya har da tari.

Na farkon nan don barci na yi. Allah Ya sani. Amma da ka tafi na zauna na lissafa, rabon da ka yi awa biyu a ɗakina tun kafin aurenka. Kana zuwa, ban ce ba ka zuwa ba, amma a tsaye, makullin mota a hannu, “Kaka, akwai abin da ya lalace?” In babu, ka ajiye leda ka wuce. Sai wani tunani ya zo mini, irin na tsofaffin da ba su da aikin yi. In gwajin ya kammala ran Litinin, za ka ɗauke akwatinka, in koma jiran abin da zai lalace. In kuwa bai kammala ba, dole gobe ka dawo.

Ran Lahadi da gangan na zare. Litinin ma haka. Na mayar da shi kamar shan magani, bayan azahar in cire, kafin la'asar in mayar, in wanke kofuna, in zauna ina jiran sallamarka.

Kullum sai ka zo. Ka sauya waya. Ka zare ƙwaƙwalwar ka goge bakinta ka mayar. Wata rana ka goge komai ka sake loda babbar manhajar tun daga farko, ta sake yi maka tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, na sake juya baya a wurin kalmar sirri. Ni kuma ina gefe ina ba ka shawara. Na ce ko ɓera ne. Na ce ko kyanwar maƙwabta ce. Na ce ko aljanin ƙuryar ne ba ya son baƙo, don tun zamanin kakanka ba ya shiri da ƙarfe. Ka ce, ba tare da ka ɗago ba, “Wannan aljani kam yana da agogo.” Na yi dariya na wuce wurin, na ɗauka wayona ya fi naka.

A cikin kwanakin nan ne na ga kana yawan matse goshi. Wani lokaci ka cire tabarau ka rufe ido ka jingina da bango. Na tambaye ka, ka ce ciwon kai ne, kallon allo ne ya yi yawa. Na ce ka je a duba ka. Ka ce, “Ai asibitin zan kai injin nan. Ranar da na kai musu sai likita ya duba ni gaba ɗaya, in huta da zuwa biyu.”

Da kunnena na ji wannan maganar. Washegari kuma na sake zare fulogin.

Wannan shi ne abin da ke cina. Na san kwanan kowa a rubuce yake, malamai sun faɗa mini, ni ma na faɗa wa wasu a ranar tasu gaisuwar. Amma na san kuma da na bar injin nan ya yi kwana ukunsa, da ran Talatar farko kana gaban likita. Na sa uwarka ta tambayi likitan da ya karɓe ka, ba tare da ta san dalilina ba, ko da an zo da wuri da an gane. Ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, irin wannan ciwon wani lokaci yana ɓuya har ga na'ura. Da wannan wataƙilar nake kwana nake tashi.

Ran Talata, kwana na goma sha tara, ka daɗe ba ka taɓa injin ba. Ka zauna a bakin gadona ka ce in sake ba ka labarin kwatar. Da za ka tafi ka tsaya a ƙofa ka ce, “Amarya, gobe akwai magana tsakanina da ke.” Na ce in saki ne ka rubuto, na gaji da na baki. Ka yi murmushi ka fita. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Bayan kwana goma abokiyar aikinka ta zo, wata doguwa mai tabarau, ta yi mini gaisuwa ta ce asibitin na jiran injin, ita za ta ƙarasa. Tun ranar rasuwar yake kashe, na lulluɓe shi da zane. Ta kunna, ta yi danne-danne kaɗan, sai ta juyo.

“Kaka, wutarku tana yankewa da rana?”

Na ce ba ta yankewa.

Ta ce likitar da ka loda ba gwaji kaɗai take yi ba, komai ya sami injin sai ta rubuta a wani ma'aji na daban da gogewa ba ta taɓawa, har da lokacin da wuta ta bar shi da lokacin da ta dawo. Ta juyo mini da allon. Ban iya karanta turancin ba, amma lambobi na sani. Layi goma sha takwas, kusan duk iri ɗaya, biyu saura kwata, huɗu saura kwata. Barcina ne a jere, ba wanda ya ɓace.

Na ce, “'Yar nan, ni ce.” Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa. Sai na tambaye ta, abin da ta gani cikin minti biyar, kai ba ka gani ba cikin kwana goma sha tara?

Sai ta buɗe jaka ta ciro littafinka mai baƙin bango, wanda aka tsinta a jakarka ranar da ka faɗi. Ta ce ta karanta tun a ofis, ta yi ta shawara da zuciyarta ko ta nuna mini. Ta karanta mini wuri uku, na sa ta maimaita har na haddace.

“Lahadi. Wuta ta yanke biyu saura kwata, ta dawo huɗu saura kwata, kamar jiya. Daidai barcin Kaka. Inji lafiya lau.”

“Asabar. Na sake loda manhaja tun daga farko, don ta ga ina aiki. Ba abin da ya same ta. An ba ni labarin kwata da na rigar da aka ɗinka wa hannu uku.”

“Talata. Asibiti sun matsa, kaina ma ya matsa. Gobe in gaya mata na sani. In yi mata alkawarin kowace Asabar, ko ba abin da ya lalace. A fara gwaji na gaske.”

Ashe tun rana ta uku ka sani. Ashe ni ake yi wa wasan, ina zaune ina ƙirƙiro ɓera da aljani, kai kana goge ƙwaƙwalwar da ba abin da ya same ta don kada tsohuwa ta ji kunya. Kana iya ɗauke akwatinka ka kai wani wuri tun ranar. Kana iya ɗaure fulogin a bayan kabad inda hannuna ba ya kai. Ka bar mini shi a inda yake.

Na so wannan ya sauke mini nauyin, amma rabi kawai ya sauke. Na san yanzu ba ka tafi kana zargin hannunka ba, kuma ba ka tafi da fushina ba. Sai dai da na buɗe baki na ce, jikana, ina kewarka, zo ka zauna, da ba sai mun ɓata kwana goma sha tara muna yi wa juna ƙarya a kan ƙarfe ba. Bakin da ya iya labarin kowa a dangin nan, wannan 'yar maganar ce ta gagare shi.

Abokiyar aikinka ta tayar da gwajin ran Asabar da safe. Na mayar da tabarmata falo, na bar mata ƙuryar. Kwana uku tana kuka, ban kusanci bangon ba. Ran Talata allon ya nuna saba'in da biyu, komai kore, ba ta da ciwon komai. Suka zo da mota suka ɗauke ta. An ce mini yanzu in mutum ya faɗi sunansa a tagar asibitin, kafin ya gyara tsayuwa an fito da tarihinsa. Ban je ba tukuna.

Jiya na sa aka kai ni wurin matarka. Na same ta tana shayar da yarinyar. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Kaka, na sani. Kullum sai ya dawo yana dariya, ya ce yau ma aljani ya yi barcin rana.” Ta gyara wa yarinyar hula. Can ta ce, “Ni ban hana shi zuwa ba, don na ga yana jin daɗi. Amma yamma goma sha tara, Kaka. Da na san su ne na ƙarshe, da na roƙe ki rabi.”

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta miƙe ta ɗora mini yarinyar a cinya, ta ce in riƙe mata za ta yi salla. Na riƙe. Ba zan matsa mata ba, haƙƙinta ne, ta ɗauki duk kwanakin da take buƙata. Na dai ce mata kowace Asabar zan zo in riƙe yarinyar ta samu ta runtsa, in ta yarda. Ta ce in zo.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Ka san ya rufa wa tsohuwa asiri a lokacin da yake da ikon tona ta, Ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai Kai. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi. Duk mara lafiyar da aka samo katinsa ba tare da wahala ba, Ka kai ladan kabarinsa. Ni kuma Ka yafe mini son kaina, Ka sa in cika da kyau idan tawa ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yata, wadda sai a takardar nan za ta fara jin abin da uwarta ta yi, da mijinta, da ƙannen mamacin, da abokan aikinsa. Allah Ya ba ku haƙuri mai ɗorewa. Ke kuma matarsa, Allah Ya dafa miki, Ya raya miki abin da ya bari, Ya mayar miki da alherin da ya fi abin da na ɗauke miki. Amin.